Bawul ɗin Lukman

Kafin wani ya sake rubuto mini wa'azi a ƙarƙashin labarina, bari in faɗa tun daga farko: ina son Lukman. Ban taɓa ɓoyewa ba, ko gaban Inna. Amma ku tsaya ku ji abin da ya yi mini makon jiya, sannan ku ce ni ce mai taurin kai.

Ga waɗanda yau ne sunka fara karanta ni, sunana Sahiya Illo, shekarata ashirin da biyu, a nan Konni anka haife ni. Ina ajin ƙarshe a lakwal ɗin koyon sana'a, sashen kanikanci da lantarki, kuma ni kaɗai ce mace a ajinmu. Bana, dubu biyu da takwas, anka shirya gasar robo tsakanin makarantun sana'a na jihar Tawa. Kada ku ɗauka irin mutum-mutumin nan ne na fim mai ido ja. Namu keken ƙarfe ne mai taya huɗu, bai fi akwatin lefe girma ba. Da doguwar waya ake tuƙa shi, yana da hannu ɗaya da ke harba ƙwallon tanis cikin kwando. Makarantar da ta ci, ɗalibanta biyu za su samu gurbin karatun shekara biyu a Yamai. Mu biyu ne a kan aikin, ni da ɗan ajinmu Mumuni, sai malaminmu Mushe Rabo da ke duba mu (mu nan Mushe muke ce wa malamin lakwal).

Hannun da iska yake aiki. Akwai silinda, bututun ƙarfe ne mai sanda a ciki. In ka buɗe bawul, wato famfon iska, iska ta shiga ta bayan bututun, sai sandar ta fito ta ɗaga hannun, ƙwallo ya tashi. Tsohuwar tukunyar kashe gobara munka mayar tankin iska. Silindar kuwa Lukman ne ya ba ni. Gidansu masu motoci ne, kamyo, wato manyan motocin kaya, da bas, suna ɗaukar albasar Galmi da simintin Malbaza har Sakkwato. Daga ƙofar wata bas da ta mutu a garajinsu ya kwance ta da hannunshi, ya goge, ya kawo mini a leda. Wasu samarin turare suke kawowa. Ranar na ji babu wanda ya san ni kamar shi.

To amma ƙofar bas ba a yi ta don sauri ba, an yi ta ne ta buɗe a hankali kada ta maƙe tsohuwa. Haka hannun robonmu yake tashi, cikin nutsuwa, ƙwallo ya faɗi gabanshi kaɗan ya gangara. Mumuni ya ce mu ƙara ƙarfin iska kawai.

"Doka ta ce ƙarfin iska kada ya wuce bar shida a ma'auni," in ji Mushe Rabo. "Za su auna kafin ku shiga fili. In kun wuce ko da kaɗan, a bakin ƙofa za ku tsaya."

Sai munka bi ta wata hanya. Munka yanke tiyon iska ya koma gajere. Munka canza shi da mai faɗi. Munka ɗauke bawul daga bayan robo munka ɗaure shi jikin silindar. Na gano wasu ƙananan kusoshi a bakinta waɗanda ke rage gudun iska, na kwance su na jefa a gwangwani. Kowane gyara yana ƙara mana tafiya, amma har ranar Talata ƙwallonmu rabin hanya yake kaiwa. Gasa kuma Asabar.

Ranar Talatar ina tsugune kusa da robo lokacin da Mumuni ya danna maɓallin harbi. Hannun ya tashi, ya tsaya, amma kunnena yana jin iska tana ci gaba da fita ta wani ɗan rami a jikin bawul, siririya, kamar tayar keke ta yi faci. Na sa yatsa a wurin. Na ce ya sake dannawa.

"Mushe," na ce, "ba shigar iskar ce matsalarmu ba. Akwai wata iskar a gaban sandar, ita ce ba ta samun hanyar fita da sauri. Sandar tana turawa, ita tana tare ta."

Ya cire tabarau ya tsuguna kusa da ni. Ya ji da kunnenshi, ya gyaɗa kai.

"Akwai bawul na wanga aiki. A jikin birkin kamyo ake sa shi, yana sakin iska gaba ɗaya a nan take. Mu dai ba mu da shi a lakwal."

Mumuni ya dube ni yana murmushi. Kowa a ajinmu ya san garajin da ke cike da matattun kamyo, ya kuma san wanda ke zuwa zance gidanmu.

Na ɗauko salulata na rubuta: "Lukman, ina buƙatar bawul ɗin sakin iska na birkin kamyo. Ko tsoho ne. Kafin Alhamis."

Bai daɗe ba ya amsa: "Gobe da la'asar ina zuwa gida. Muna da magana."

A gida kuwa wata gasar ake shiryawa. Hajiya Balkissa, mahaifiyar Lukman, ta aiko cewa ranar Alhamis bayan azahar za ta zo ta gan ni da idonta kafin manya su shiga zancen. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da motocin gidan, direbobi tsoronta suke ji fiye da jandarma. Inna ta sa an share tsakar gida har bayan randa, ta aro kujerun roba daga maƙwabta, ta fito da kwanonin tangaran da ba mu taɓa cin abinci a ciki ba. Ta ciro mini leshi ruwan ƙwai daga ƙasan akwati ta rataye a ƙofar ɗaki don ya sha iska.

Ina shigowa ta kama hannuna ta juya shi.

"Dubi farcenki. Wanga hannun ɗiya mace ne ko na mai facin taya?"

Ta zaunar da ni a kan turmi, ta kawo lemun tsami da toka tana gurza mini yatsu kamar tana wanke tukunya.

"In Hajiya ta tambaye ki karatu, ki ce kin kusa gamawa. Iyakarta ke nan. Ban son in ji kalmar robo a gidan ga ranar Alhamis."

"In ta tambaye ni Yamai fa, Inna?"

"Wace Yamai? Kin ci ne? Abin naku ma an ce ko ƙwallo ba ya iya jefawa."

Ba ƙarya ta faɗa ba, shi ya sa ta yi mini zafi.

Laraba da la'asar Lukman ya zo cikin shadda ruwan toka, hula ta zauna daidai, ƙamshinshi ya riga shi shiga zaure. Na shimfiɗa tabarma, na kawo mishi fura da ƙanƙara. Munka gaisa. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu a naɗe cikin hankici, ya ajiye tsakaninmu ya buɗe. Bawul ɗin ne, ɗan ƙarfe mai baki uku, an wanke shi da fetur har yana sheƙi.

Na miƙa hannu, sai ya ɗora yatsa biyu a kai.

"Tsaya, Sahiya. Tun ranar da na ba ki silindar nan wannan yake cikin motata."

"Ban gane ba."

"A garaji na girma. Na san ƙofar bas ba za ta harba komi ba sai da shi."

Na dube shi. Makonni nawa ina ba shi labarin tiyo da kusoshi a salula, yana ce mini Allah ya ba da sa'a.

"Kana kallona ina wahala, kana da shi a mota?"

"Na ɗauka za ki gwada ki gaji. Ban san za ki kai nan ba." Ya sunkuyar da kai, muryarshi ta yi ƙasa. "Shekara biyu a Yamai, Sahiya. Hajiya tana son a yi biki bayan babbar salla. Kuma ni na san Yamai. Wanda ya tahi ba ya komowa yadda ya tahi."

Kada in yi muku ƙarya, tausayi ya kama ni. Idonshi ya yi ja, kuma Lukman ba mai wasa da hawaye ba ne. Da a nan ya tsaya, wataƙila da wani labari nake ba ku yau. Amma ya ci gaba.

"Ki ɗauka. Ki tahi Tawa, ki ci, kowa ya san ke ce. Ni zan kai ku da motata. Abu ɗaya nake roƙo: in sun ba ki gurbin, ki ce kin bar wa wani."

"Wato in ci, in ɗauki hoto, in komo."

"Ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi?"

Na naɗe hankicin da kaina, na tura mishi har ya taɓa gwiwarshi.

"Da ka ce mini kana jin tsoron tafiyata, da mun zauna mun yi magana kamar mutane. Amma ka ɓoye abu a mota kana jira in kasa. Riƙe kayanka."

"Ba za ki samu irinshi ba kafin Asabar."

"Sha furarka kada ta yi ɗumi," na ce, na shige gida.

A ɗaki na zauna bakin gado. Na san ban da wata dabara. Na ƙi abin da nake buƙata, kuma ban san mi zan faɗa wa Mumuni ba, shi da gurbin Yamai ne kaɗai hanyarshi ta fita daga gonar gero a Bazaga.

Alhamis da safe na faɗa wa Mumuni da Mushe Rabo gaskiya. Mumuni ya jefar da sifana a ƙasa.

"Da kin karɓa kawai. Alkawarin baki ne, wa zai kama ki?"

"Ni zan kama kaina."

Ya fita waje yana gunaguni. Mushe Rabo ya koma kan teburinshi. Na zauna gaban robo ina kallon tiyo biyun da ke shiga silindar, ɗaya ta baya mai tura sanda, ɗaya ta gaba mai mayar da ita. Ta gaban ce ke riƙe iskar. Na daɗe ina kallonta, sai na tambayi kaina: mi ya sa dole iska ce za ta mayar da sandar?

Na ɗauki sifanar da Mumuni ya yar, na kwance tiyon gaba gaba ɗaya. Na cire har da ƙarfen da yake ɗaure a jiki, ramin ya zauna a buɗe, babban yatsana yana shiga. Na toshe bakin da ya rage a jikin bawul don kada tanki ya zube.

Mumuni ya dawo ya tsaya a kaina.

"Kin lalata shi. Yanzu in sanda ta fito, wa zai mayar da ita?"

"Je wurin mai faci ka samo mini tsohon tib na babur."

Munka yanka tib ɗin dogaye, munka ɗaura daga hannun zuwa jikin robo, ba da ƙarfi sosai ba, daidai yadda zai jawo shi ya kwanta bayan harbi. Mushe Rabo ya zo ya duba, ya ce dokar gasa ba ta hana roba ba. Ya sa munka liƙa guntun taya a inda hannun ke tsayawa, don kada ƙarfe ya daki ƙarfe silindar ta fashe. Munka cika tanki daidai bar shida. Na ɗora ƙwallo.

"Ke ki danna," in ji Mumuni.

Na danna. Ban ma ga tashin hannun ba. Ƙara kawai na ji kamar an fasa leda, ƙwallo ya wuce saman kwando ya daki kwanon rufi, ƙura ta zubo mana a kai. Hannun ya koma ya kwanta da kanshi.

Munka tsaya muna kallon juna. Mushe Rabo ya ɗauko ƙwallon ya miƙo mini.

"Sake," ya ce.

Yanzu matsalarmu ta koma wuce wuri, wadda ta fi daɗin gyara. Munka yi ta sassauta kusurwar hannun, muna harbi muna matsar da kwando, har ƙwallo ya fara faɗawa ciki sau da sau. Ban san rana ta yi ba sai da na ji kiran sallar la'asar. Na duba salula, kiran Inna ya cika fuskarta.

Kabu-kabu na hau, ko rigar aiki ban tsaya cirewa ba. Ina sauka na ga farar mota a ƙofar gidanmu. Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi, kuma ɗakina yana can ƙarshen tsakar gida. Babu yadda zan kai ga leshin nan ban ratsa gaban baƙi ba.

Na yi sallama na shiga. Hajiya Balkissa tana zaune a kujerar tsakiya cikin lafaya baƙa mai zaren zinariya, carbi a hannu, salula biyu a cinya. Inna ta ga shuɗiyar rigata mai tabon baƙin mai, ta ga hijabin da na ɗaure a wuya don kada injin ya kama, fuskarta ta canza. Da ido ta nuna mini ɗaki.

Zan iya wucewa da sauri in ce ina zuwa. Sai na tuna ko na sa leshin, gobe wagga rigar zan koma ciki. Na je gaban Hajiya na durƙusa.

"Ina wuni, Hajiya. Ki yi haƙuri na sa ki jira. Daga wurin aiki nake."

Ta dube ni daga kai har takalmi, ba ta yi sauri ba.

"Lahiya lau. Miƙo hannunki."

Na miƙa. Duk gurzar Inna ta tafi a banza. Ta juya tafin, ta taɓa inda waya ta yanke ni, ta saki.

"An ce mini za ki Yamai."

"In mun ci, Hajiya."

"In ɗana ya ce bai yarda ba fa?"

Inna ta yi saurin cewa, "Ai yarinta ce, Hajiya, in an yi magana za ta ji."

"Ita nake tambaya."

"Ya riga ya ce bai yarda ba," na ce.

"Ke kuma mi kika ce?"

"Na ce zan tahi. Ina son shi, Hajiya, ban da wani. In zai jira, zan komo. In ba zai jira ba, ba zan riƙe shi ba."

Hajiya ta ɗauki kofin ruwa ta kurɓa, ta ajiye. Ba ta taɓa dambun da Inna ta wuni tana yi ba. Ta miƙe, ta gode wa Inna, ta fita.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta shiga ɗakina ta sauke leshin, ta ninke shi a hankali ta mayar akwati.

"Kin kashe zancen da hannunki," ta ce. "Kada ki zo kina yi mini kuka."

Ranar Juma'a Baba ya zo daga Malbaza, inda yake aiki a kamfanin siminti. Inna ta zayyana mishi komi tun bai cire takalmi ba. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Na ce ta tahi Tawa, za ta tahi Tawa. Zancen Yamai kuma sai an ci." Bai goyi bayana ba, bai kuma hana ni ba. Na karɓa haka.

Bayan sallar Juma'a saƙon Lukman ya shigo: "Motar da zan kai ku da ita an tura ta Galmi ɗaukar albasa. Ki yi haƙuri."

Na karanta sau biyu. Na rubuta: "Ba komi. Ko a kan amalanke robon nan zai isa Tawa."

Munka shawarta da Mushe Rabo za mu kwance hannun, mu naɗe sauran da kwali, mu roƙi direban motar haya ya ɗaure mana a saman mota. Na san ramukan hanyar Tawa, na san abin da za su yi wa ɗaurin da munka wuni muna daidaitawa. Babu dai wata hanya.

Asabar da hantsi muna bakin ƙofar lakwal da kayanmu, Mumuni ya tafi neman mai kura da zai kai mu tasha. Sai ga wata mota mai buɗaɗɗen baya ta taho ta tsaya gabanmu, da katifa shimfiɗe a bayanta. Na gane fentin garajin su Lukman. Na ce a raina Lukman ya sake tunani. Na leƙa.

Wani tsohon direba ne a kan sitiyari. Kusa da shi, cikin lafaya ruwan ƙasa, Hajiya Balkissa ce zaune.

Ta sauke gilashi ta gaisa da Mushe Rabo.

"Malam, ku ɗora abin naku a kan katifar, ba sai kun kwance shi ba. Kai da ɗalibinka ku zauna baya ku riƙe shi. Ina da harka a Tawa."

Mushe ya dube ni, na dube shi. Ya fara godiya. Hajiya ta matsa ta buɗe ƙofa.

"Ke kuma nan za ki zauna, kusa da ni."

A daidai lokacin salulata ta yi motsi a aljihun rigar aiki. Lukman ne.

"Sahiya kada ki shiga motar Hajiya. Don Allah. Zan yi miki bayani."

Na ɗaga kai. Hajiya tana kallon salular a hannuna, fuskarta ba fushi, ba murmushi. A baya Mumuni ya dawo da gudu, shi da Mushe sun riga sun ɗaga robo suna ɗorawa. Na kashe salular gaba ɗaya, na mayar da ita aljihu, na shiga na zauna.

"Ja ƙofar da ƙarfi, ba ta kamawa," in ji ta. Na ja. Ta gyara carbinta ta dubi hanya. "Daga nan zuwa Badagishiri ni zan yi magana, ke ki saurara. Daga Badagishiri zuwa Tawa, ke za ki yi."

Direba ya tada mota. Abin da munka faɗa wa juna a hanya, da yadda gasar ta kaya, sai a rubutu na gaba.